Sawun Kurkum a Tsakar Gida

Tamanrasset, ranar Talata

Zuwa ga uwargida Barira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Yaya Zainaba? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Yaya mutanen Damagaram?

Na zaɓi takarda ne saboda idan muna waya surukarki Suwaiba tana kusa, ba na iya sakin baki. Autanmu Abdulnasir zai ɗauki hoton takardar ya turo miki. Ki yi haƙuri da hannun ɗan makarantar dare.

Maganar jikanmu Sufyanu ce, angon naki. Ya kusa shekara biyu, har yanzu bai miƙe ba. Inda aka ajiye shi nan ake samunsa, in ya matsa ma da gindi yake ja. Likita ya duba ƙafafun ya ce mu ƙara jira. Uwarsa Suwaiba ta daina fita da shi suna da biki, don ta gaji da tambayar mata. Jiya na ga ta tsayar da shi jikin bango, da ta saki ya zauna, ita kuma ta shige ɗaki ta daɗe. A gabansu ina cewa yau ko gobe ne, amma ke ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro.

Kyanwarki ma tsufa ya kama ta, ba ta iya hawa katanga. Wani Balarabe mai sayen kayan yaji a rumfata ya ce shi garin kurkum, wato gangamau, yake barbaɗa wa karensa a abinci saboda gaɓoɓi. Na tambayi likitan dabbobi, ya ce ba magani ba ne, in zan ba ta kada ya wuce ɗan kaɗan. Yanzu ni da ita muke sha, ni a madara saboda ciwon gwiwata, ita a kwanonta da nake ɗorawa kan dakali.

Ki sa yaron nan a addu'a. Ki gaishe da kowa.

Maigidanki,
Tijani

Tamanrasset, ranar Asabar

Zuwa ga uwargida Barira,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan mai jiki tana samun sauƙi. Abdulnasir ya so ya kira ki, na hana shi. Wannan labari daga hannuna za ki ji shi.

Shekaranjiya da hantsi Suwaiba ta bar Sufyanu kan tabarma ta shiga wanki. Da ta fito ta tarar da bakinsa da tafin hannunsa har ƙafarsa sun yi rawaya. Ba ta tsaya duba komai ba, ta ce shawara ce, ta goya shi ta aiko mini kasuwa. Na bar rumfa a buɗe na bi su asibiti, gwiwata ko ciwo ban ji ba.

Malamar asibiti ta buɗe idonsa ta ga fari tas. Ta goga auduga a hannunsa, audugar ta yi rawaya, ta shinshina, sai ta tambaye mu ko miya muka dafa da yaron. Suwaiba ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ni kuwa na san gwangwanin kurkum ɗina ne da na manta kan dakali.

Da muka dawo na same shi a kife, gari ya zube gaban dakali. Ina shirin yi wa kaina faɗa sai idona ya sauka a siminti. Barira, sawu ne. Ƙananan sawu, da yatsunsu, daga dakali zuwa tabarma. Ba jan gindi ba ne. Na kira Suwaiba na nuna mata, ta durƙusa tana kallo.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba sai da na gani da idona. Jiya na ƙi fita kasuwa, na zauna bakin ƙofa kamar mai gyangyaɗi. Kyanwa ta zo ta goga masa jiki ta nufi kwanonta, da tafiyar nan tata ta tsofaffi. Ya dafa bango ya miƙe. Ya saki. Ya bi ta yana tangaɗi, hannu a sama, har dakali. Ashe mu da muke ta riƙe shi muna roƙo sauri muke yi masa, ita ce mai tafiya daidai da shi.

Ko kurkum ya yi wa kyanwa amfani ban sani ba, har yau ba ta hau katanga ba. Na dai sayo mata kifi.

Yau da safe Suwaiba ta yi masa wanka ta fita da shi gaishe da maƙwabta, gida-gida, ba a goye ba. Ki gama jinya a tsanake. Ranar da kika dawo ni ba zan rigaya zuwa ƙofa ba, angonki ne zai tarbe ki da ƙafarsa.

Ki gaishe da Yaya Zainaba da dukan dangi.

Maigidanki mai murna,
Tijani