Rabin Littafi

Litinin, 9 ga Janairu 2023

Na fara littafin adabi da ƴan ajin ƙarshe, masu jarrabawar brebe bana, ta gama kwaleji. Kwafi ɗaya ne a duk lakol ɗin, wato makarantar, nawa, wanda na zo da shi daga jami'a. Sai dai in riƙa hawa kabu-kabu zuwa Gazawa ana buga mini shi babi-babi. Hakan ma ya yi mini. Malaminmu na adabi ya sha faɗa mana kada mu taɓa gaya wa ɗalibi ƙarshen labari, mu bar shi ya isa da kansa. Na tsara darussa har zuwa Maris. Direkta ya duba ya ce, "Mushe Ridwanu, nan fa ba jami'a ba ce." Ban gane ko yabo ne ba. Mushe dai "monsieur" ne na Faransanci, haka ake kiran malami a lakol.

Laraba, 18 ga Janairu

Yau ajin ya yi magana. Na ajiye Faransanci na ba su labarin da Hausa tukuna. Gari ne da fari ya kama. Akwai wata baƙuwa da mijinta ya mutu, tana zaune a bakin gari, itacen lemun gidanta kore shar alhali komai ya bushe. Yara suna mutuwa. Mutane sun fara kallonta.

Na tambaya, itacen nan alamar mene ne?

Hashimu, babban cikinsu, daga bencin baya: "Mushe, ai jinin yaran take zuba mishi!" Aka yi dariya. Na ce ya kawo hujja daga rubutu.

Saliha ta ɗaga hannu. Ta ce itacen shi ne abin da suka rasa, shi ya sa ganinsa ke ƙona musu rai. Saura kaɗan ta faɗi ƙarshen littafin ba tare da ta karanta ba. Ban ce ta yi daidai ba, don kada in ɓata tsari. Na ce ta riƙe tunanin. In mutum ɗaya zai ci brebe a ajin nan, ita ce.

Jumma'a, 27 ga Janairu

Aikin gida: ka siffanta wani da ka sani wanda ya yi kama da ɗaya daga mutanen littafin, ka kawo alamomin da suka nuna haka. Mun yi shi a shekara ta biyu a jami'a. Ni kawuna na Tibiri na rubuta, kowa ya yi dariya, shi ke nan.

Mun kai rabin littafi daidai.

Litinin, 30 ga Janairu

Yajin aikin malamai ƴan kwantiragi irina ya fara. Na karɓi takardun yara a bakin ƙofa, aka kulle.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Na gama dubawa.

Fiye da rabin ajin mutum ɗaya suka rubuta: Batulu, mai sayar da kwaɗon zogale a ƙofar lakol. Sai yau na san ita ce ta haifi Saliha.

Alamominsu: iyayenta daga ƙetaren iyaka suka zo. Mijinta ya mutu. Ƙannen Saliha biyu sun mutu suna ƙanana. Zogalen gidanta kore ne har cikin rani.

Abin da na sani da idona: ruwan wanke-wanke take zuba wa zogalen. Ta ƙofar nake wucewa kullum.

Takardar Hashimu ta fi kowace tsari. Gabatarwa, hujja, kammalawa, bai bar komai ba. Na duba ma'aunin ba da maki, babu inda aka ce a rage don irin wannan. Ban ce su rubuta suna ba. Ban kuma ce kada su rubuta ba, na duba tambayar. Na ba shi sha biyar cikin ashirin.

Asabar, 4 ga Fabrairu

Hashimu ya tare ni a hanya yana tambayar makinsa. Na faɗa masa. Haƙƙinsa ne.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Tun da aka rufe lakol Batulu ta koma bakin tasha da ƙwaryarta. Yau na wuce, ƙwaryar cike, ƙuda ne kawai a kai. Yara na bin ta daga nesa: "Mai Lemu! Mai Lemu, wa za a ci yau?"

Matar mai gidan da nake haya ta ce mini, "Malam, ashe har cikin littafin gwamnati an rubuta ta?" Na ce a'a, littafin ya girmi Batulu, wanda ya rubuta shi bai taɓa zuwa ƙasar nan ba. Ta riƙe haɓa. "Ka gani ko? Tun ba a haife ta ba an san da ita."

Babu wanda ya furta kalmar a gabana sai yau da la'asar. Mayya.

Talata, 14 ga Fabrairu

Saliha ta zo da azahar, ta tsaya a ƙofar zaure, ta ƙi zama.

"Mushe, a ƙarshe ita ce ke kashe yaran?"

Na karya ƙa'ida na faɗa mata. Ruwan rijiyar garin ne ya lalace. Sun kori matar, sun sare lemun, yara suka ci gaba da mutuwa. Jigon littafin kenan: gari in ya tsorata sai ya nemi wanda zai ɗora wa.

Ta ce, "To ka faɗa musu."

Na bayyana mata. Ƙungiyar malamai ta hana koyarwa. In na tara ɗalibai ko a gindin itace ne, sunana ya fita a matsayin wanda ya karya yaji, kuma ni sabo ne. Duk gaskiya ne wannan. Na ce da an koma aji shi ne darasin farko.

"Yaushe za a koma?"

Ban sani ba. Wannan ma gaskiya ne.

Litinin, 20 ga Fabrairu

Raliya ta ajinmu ba lafiya. Jiki zafi, tana sambatu, tana kiran sunan Batulu. Raliya na cikin waɗanda suka rubuta ta, shafi guda da rabi, dole sunan ya zauna mata a kai. Na je dubiya, na ce wa babanta a kai ta likita, masassara ce. Ya kama hannuna da hannu biyu. "Allah ya saka, Mushe. Shekara da shekaru muna zaune da ita ba mu gane ba, sai da ka zo."

Na ce ba haka ba ne. Ya ɗauka kunya nake ji.

Talata, 21 ga Fabrairu

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Da hantsi aka je aka taho da Batulu gidan su Raliya. Ba a buge ta ba, wannan zan iya shaida. Tura ta dai aka yi ta yi. Aka fito da Raliya tsakar gida a kan tabarma. Aka ce Batulu ta cire takalmi, ta cire ɗankwali, ta tsallake yarinyar don ta sako kurwarta. Haka ake yi wa wanda aka ce maye ne. Na sha ji a gida, ban taɓa gani ba.

Batulu ta ce, "Ni na yi wa uwar yarinyar nan wankan jego." Wata ta ce, "Ashe tun ran nan kika ɗanɗana."

Kanta duk furfura ne. Ban zaci haka ba, ba ta kai shekarun ba.

Ta tsallake. Aka ce ba ta yi da zuciya ɗaya ba, ta sake. Zaninta ya kama ƙafarta ta faɗi a kan gwiwa, samari suka yi shewa.

Ina wajen ƙofa. Saliha ta gan ni. Ta yi ihu, "Mushe! Ka faɗa musu ƙarshen!"

Kowa ya juyo.

Hashimu ya ce, "Mi za ya faɗa? Sha biyar ya ba ni a kanta!"

Na yi magana. Ina so wannan ya zauna a rubuce: na ce labarin ƙagagge ne. Wataƙila muryata ba ta fita sosai ba. Tsohon da ke kusa da ni ya ji, ya ce, "Gwamnati za ta sa ƙarya a lakol? To kai mi kake koya wa ɗiyanmu?" Mutane suka tsaya suna jiran amsata. Na ga yadda suke kallona, irin kallon da ke babi na uku na littafin. Ban ƙara cewa komai ba.

Da na biyo ta ƙofar gidan Batulu an riga an sare zogalen. Awaki na kai.

Jumma'a, 24 ga Fabrairu

Raliya ta tashi. Ranar Laraba kawunta ya ɗauke ta a babur zuwa likita aka yi mata allura. Ba wanda ke ambaton allurar.

Lahadi, 26 ga Fabrairu

Inna ta kira daga Tibiri, labari ya kai mata. "Ɗan nan, ka taɓa cin abin hannunta?" Na ce Inna, ina da digiri. Ta ce ba shi ta tambaya ba.

Na ci. Kusan kullum, kafin yaji.

Litinin, 6 ga Maris

An koma aji. Na cika alkawari: darasin farko, na karanta musu babin ƙarshe. Saliha ita kaɗai a benci, na gaba da na baya an ja su nesa. Na rubuta jigon a allo da manyan baƙaƙe, na ja layi.

Sai Hashimu: "Mushe, to ai shi ma mai littafin ta kama shi. Ya fara faɗin gaskiya, ta murɗe mishi hannu."

Ajin ya fashe da dariya. Na ji gefen bakina ya motsa. Ba dariya ba ce, amma Saliha tana kallona lokacin.

Bayan an tashi direkta ya kira ni buro, ofishinsa. Ya ce in magana ta kai ga sufeton ilimi, abin da za a fara tambaya shi ne wa ya ba da aikin gidan. Ya ce kwantiragina na hannunsa, kuma yana sona da alheri. A bar littafin, a koma nahawu. Takardun yaran kuma su ɓace.

Na ce to.

Jumma'a, 10 ga Maris

Saliha ba ta zo ba tun Talata. Sunanta na cikin masu zana brebe, ba a cire ba tukuna.

Laraba, 15 ga Maris

Sun tashi. Amalanken jaki ɗaya ya ɗauke komai. Can ƙetare za su, wajen dangin uwar. Can da Turanci ake karatu, brebe ba ta da amfani, ko da ma ta zauna ta zana.

Ina bakin tasha ina jiran canji wajen mai shayi suka wuce. Saliha ba ta juyo ba. Batulu ce ta gan ni. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam Ridwanu, a yafe mu."

Sunana cikakke ta kira. Ban san ta san shi ba.

Ban amsa ba. Akwai ƙarar babur a wajen, ana iya cewa ban ji ba. Mai shayi ya ce, "Ka yi dabara, Mushe, ba a amsa musu." Ban gyara masa ba.

Tun azahar kaina ke sara. Na auna zafin jikina, 37,4 ne, wannan ba zazzaɓi ba ne a kowane littafi. Rana ce, na daɗe a tsaye. Na sha magani.

Na kira Inna, gaisuwa kawai. Ita ce ta kawo maganar rubutun sha, ba ni ba. Motar Jumma'a za ta taho da shi.