Akwatin Famfon Yaya Tahiru

Lahadi, 2 ga Nuwamba
Akwatin ya tsaya. Wanda Yaya Tahiru ya haɗa kafin ya tafi Libiya, mai kunna famfon lambun Inna kowace safiya, ya kuma yi ƙara sau uku. Shekara biyu ba mu ji muryar Yaya ba, wannan ƙarar kawai muke ji. Inna ta ɗauki bokiti ta hau ban ruwa. Da wannan bayan nata!

Laraba, 5 ga Nuwamba
Na buɗe akwatin. 'Yar baƙar ƙwaƙwalwa ce mai ƙafa ashirin da takwas. A bidiyo sun ce sai da programata, abin da ke haɗa ta da ordinata, wato kwamfuta, a ga umarnin da ke ciki. Iri-iri ne, kaina ya yi zafi. Na zaɓi wanda kowa ke yabo, na ba Magagi direba saƙo Yamai. Ni malamar lissafi, wai yau ni ce da waya da dalma.

Lahadi, 16 ga Nuwamba
Ya iso, bai shiga ba. Ƙafafu na ƙirga, ban karanta rubutun bayanta ba. Tawa irin da ake kira PIC ce, na sayo na wani iri, AVR. Da Yaya na nan da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ina kewar dariyar nan, wallahi.

Litinin
Latas ya fara kwanciya. Inna: "Bar shi, ɗiyata, in ya dawo shi gyara abinai."

Juma'a, 28 ga Nuwamba
Na sake saƙo, programata na biyun ya dace. Fitila ta kama. Amma Yaya ya kulle ƙwaƙwalwar, ba a iya karanta abin da ya rubuta. Sai dai a goge duka a zuba sabo. Na daɗe ina kallon maɓallin. Abin da ya rage mana na hannunsa ke nan. Na rufe ordinatar.

Asabar
Na tuna programatan farko yana cikin kwali. Na ce Magagi ya kawo mini ƙwaƙwalwar da ta dace da shi, sabuwa fil. Sai na sake jera wayoyin akwatin duka. To.

Talata, 9 ga Disamba
Kwana tara ina kuskure. Yau ƙarfe shida ruwa ya zubo. Inna na kan tabarmar salla, ta ji ƙarar, ta ɗago. "Sau biyu ta yi," in ji ta. Na ce eh, tawa ce. Ta ce in ƙara wa albasa ruwan minti biyar.

Ƙwaƙwalwar Yaya na naɗe a ƙyalle, tana cikin gwangwanin Inna. Sai da la'asar na lura yau ban duba lambarsa a waya ba kamar yadda na saba kullum.