Sukuru Uku da Ba Su Kama Ba

Yaya Anselmo,

Gaisuwa mai yawa daga Elkhart. Ya Remedios da yara? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya yi ƙaranci.

Ka tambayi bangon motocin tafi-da-gidanka da muke ƙerawa. An daina filawud, an koma allon roba mai soso a tsakiya. Gaskiya ya fi: ba nauyi, ruwa ba ya ruɓar da shi. Amma filawud duk inda ka ɗaura sukuru yana kamawa. Wannan kuwa, in ka kuskure ƙarfen da ke ciki, soso ka ɗaure.

Ranar Talata ina kafa gadon sama, na yara, sukuru uku suka yi ta juyawa a banza. Na gaya wa Duane, shugaban layinmu. Ya ce, "Tsoho, wa'azi ka zo yi ko aiki? Tura ta gaba!" Ba mugu ba ne, shi ma daga sama ake matsa masa. Ni na sa hannu a takardar. Motar ta tafi, ban san ina ba.

Ka ce wa Mama ta kunna kyandir a coci. In ta tambayi don wa, ka ce don wani yaro ne. Ban san sunansa ba.

Ƙaninka,
Eusebio