Mai Koren Gyale

Zuwa ga ƙanwata da ban taɓa gani ba,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, in dai kina duniyar. Ni ce 'yar aji uku da aka haɗa ki da ita, in riƙa yi miki jagora a shirin ɗalibai masu hazaƙa. Na rubuto miki mu riƙa haɗuwa kowace Laraba a laburare, teburin gefen taga. Tun da aka buɗe jami'a nake zuwa ina zaman jiran gawon shanu. Jiya Malama mai kula da shirin ta tambaye ni, na faɗa mata gaskiya. Ta ce ranar Litinin za ta ba wata gurbinki. Ni dai na gaji.

Yayarki ta dole.

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ya karatu? Yaya, ban taɓa fashi ba. Ni ce mai koren gyale da ke zama tana fuskantarki. A makarantarmu ta kwana, ƙarama ba ta yi wa siniya magana sai an kira ta, shi ya sa nake jira. Ni ce ma na ara miki biro. Don Allah kada a cire ni. Babanmu ya riga ya gaya wa duk abokan aikinsa an ɗauke ni a shirin.

Ki huta lafiya,
Ƙanwarki.

Ke 'yar nan,

Gaisuwar ma a taƙaice. Ashe ke ce! Ke da na ɗago kai na ce miki, "Yarinyar da aka ba ni ba ta da kai," kika sunkuya kika ce, "Allah ya shirye ta"? Haba! Na koma wurin Malama, ta ce sai ta ji daga bakinki. Ofishinta ne na ƙarshen baranda, kuma ba zan raka ki ba. An ce baki shi ke yanka wuya. Ke rufe shi ne zai yanka naki.

Yayarki, da ciwon kai.

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Na je. Na tsaya a bakin ƙofa har mai shara ya zagaye ƙafafuna da tsintsiya. Da na yi sallama, Malama ta ce in ɗaga murya, na ɗaga. Ba a cire ni ba. Ranar Laraba ni zan fara gaishe ki.

Kuma Yaya, ki yi haƙuri, birona yana wurinki har yanzu.

Ƙanwarki.