Takardar da Yaya Ta Ɓoye

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yara, tunda haka kika koya min in fara wasiƙa ko da raina a ɓace yake.

Jiya na ga likitan zuciya. Ƙofar jinin da aka gyara min ina shekara biyar ta gaji, sai an canza ta. Amma ya ce ba zai taɓa ni da wuƙa ba sai na zubar da kilo goma sha takwas cikin wata huɗu, don da wannan jikin ba lallai in farka ba. Ya faɗa yana kallon sikeli, kamar sikelin ne ya zo ganin likita.

Sai ya buɗe tsohon fayil ɗina. A ciki akwai kwafin takardar da likitan farko ya rubuta wa shugabar makarantarmu: "Yarinyar nan ta samu lafiya. A bar ta ta yi gudu da tsalle kamar kowa." A ƙasa an rubuta cewa an damƙa wa yayarta.

Shekara arba'in, Yaya. Ina zaune a benci ina gadin takalman 'yan ajinmu, suna ce min Tangaran. Na karanta rabin littattafan duniya saboda zama kaɗai aka yarje min. Yanzu a ɗakin karatun da nake aiki, matakala goma sha biyu sai na huta sau biyu, ina yi kamar sanarwar bango nake karantawa.

Ina takardar? Kuma kular abincin da kike aiko min duk Asabar, ki daina.

Ƙanwarki.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Yara suna gaishe ki. Kin san ban iya rubutu irin naki ba, ki yi haƙuri da shi.

Takardar tana ƙasan akwatin keken ɗinkina. Ban kai ba.

Ina da shekara goma sha shida Inna ta rasu ta bar min ke, Baba kullum yana kan hanya da mota. Leɓenki shuɗi, tsotso uku ki gaji. Likita ya ce ba za a yi aiki ba sai kin kai kilo goma sha biyu. Da cokalin shayi na ɗura miki su, kina tofarwa ina mayarwa. Ranar da allurar sikeli ta kai, nas ta rungume ni.

Bayan aikin, wata rana kin bi kyanwa da gudu a tsakar gida, kika tsaya kina haki. Sai na ga leɓen nan a idona. Wallahi ban iya kai takardar ba, Auta. Duk cokalin da kika haɗiye, ni barci nake samu.

Kular Asabar kifi ne kawai, babu mai.

Yayarki.

*

Yaya,

Gaisuwa kamar kullum. Kular ta iso. Kifin yana iyo a mai, ga biredi da kek a gefe, ko su ma kifi ne? Na ba mai gadi.

Na karanta wasiƙarki sau uku, na yi kuka, kuma kukan bai rage min ko giram ɗaya ba. Kowane yaro yana haki in ya bi kyanwa! Barcinki kika saya da ƙafafuna.

Kuma ke kike min ɗinki tun ina yarinya. Kowace shekara sai ki zagaya ni da tef, ki danne lambar da babban yatsa, ki ce yadin bana ne yake tsukewa. Kin fi sikeli sanin inda na dosa, kika yi shiru kina ƙara min faɗi.

Abin da ya fi ci min rai, a layin asibiti wata mata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, ai ku kuke jawo wa kanku." Na kau da kai, ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba. Me zan ce? Cewa ƙauna ce ta yi min haka?

Na sauke kilo shida. Saura wata biyu.

Ƙanwarki.

*

Auta,

Ga takardar nan a ciki, ta yi ja amma tana karantuwa. Ba na neman ki yafe. Ki gaya min abin da zan yi da hannuwana ranar Asabar.

Yayarki.

*

Yaya,

An auna ni yau. Saura kilo bakwai, an ba wani ranar aikina. Likita ya ƙara min wata uku, ya ce bai san ko zuciyar za ta jira ba.

Ya ce in riƙa tafiyar rabin awa kullum da safe, amma ba ni kaɗai ba, ko zan faɗi. Ban yafe ba tukuna. Ki zo ƙarfe shida, ki sa takalmi mara tsini, ki bar kular a gida. In kin ji ina haki, ki kama bakinki ki ci gaba da tafiya.

Tangaran.