Ashe Bakina Nafisa Take Kallo

Assalamu alaikum Yaya Hauwa,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jiki, ya ƙafar nan da ke damunki? Ya maigida da yara, ya zafin Gadarif? Mu nan Umbadda sai godiya.

Yaya, na sha kunya. Kin san tun da aka rufe makarantu ni nake koya wa 'yata Nafisa karatu a gida. Na ga kamar ta iya, har na yanke shawarar barinta da littafinta, ni in koma sayar da shayi a kasuwa. Ranar Juma'a Baffa Malam ya zo daga Alshajara, na cika masa baki, na ce ya gwada ta. Na shiga dafa masa gahawa, sai na ji shiru. Da na leƙo, yarinya hawaye take yi, ta kasa layin farko.

Ina zama kusa da ita, karatu ya dawo tiryan-tiryan. Baffa ya dube ni ya ce, "Rabi, rufe bakinki mu gani." Wallahi ban taɓa sanin ina motsa leɓe ba. Ashe duk inda ta maƙale, bakina take kallo.

Maganar kasuwa na ajiye ta tukuna. Yanzu in tana karatu, baya nake juya mata ina tsintar wake. Tana ta tuntuɓe, ni ina ta cizon leɓe.

Ki gaida Inna da su Bashir. Ki sa mu a addu'a, Allah Ya buɗa mata, ni kuma Ya koya mini yin shiru.

Ƙanwarki,
Rabi