Gwiwar Hannun Wilkin

Birnin Lawrence, ranar Lahadi

Ƙanwata Fidelina,

Tarin ya ɗan lafa yau, ƙafar ce dai har yanzu ba ta shiri da sanyin ƙasar nan. Kada ki damu, ina cin abinci. Yaya mutanen garinmu Baní? Yaya ciwon bayan mijinki?

Maganar jikana Wilkin ce. Wani kocin jami'a ya ce zai ba shi gurbin karatu kyauta idan ya je gwajin wasan ƙwallon besbol na jiya, ya yi jifa a gaban na'urarsu mai auna gudun ƙwallo. Ni kuwa na lura yaron da hagu yake ɗaukar kofi, alhali da dama yake jifa. Gwiwar hannun ta kumbura, yana ɓoyewa. Na hana shi zuwa.

Uwarsa ta ce, "Baba, nan ba Baní ba ce. Wanda bai je ba, an manta da shi."

Shi kuma ya ce, "Kaka, kai fa a zamanin jifa da lemo maimakon ƙwallo ka tsaya."

Na ce, "Lemon ma da lafiyayyen hannu muka jefa shi."

Na kira kocin da guntun Turancina. Na ce idan yaron yake so, ya zo gida yau ya ci sancocho, farfesun nan namu na gida, ya jira hannun ya warke. Ya ce zai zo.

Wilkin ya daina yi mini magana. Ya yi ta fushinsa, hannun dai na hutawa.

Ki sa mu a addu'a. Allah ya tsare ku.

Yayanki,
Eusebio

Ƙarin bayani: rana ta faɗi, kocin bai zo ba. Na rufe tukunyar, maganata kuma tana nan yadda take.